Ratar Kwana Goma Sha Uku

Baƙin mai aka zuba wa kabarin Obrad mai niƙa, irin wanda ake juyewa daga cikin tarakta idan ya gama aiki. Ya gangaro ta kan sunansa, ya cika ramukan haruffan, ya taru a gindin dutsen, inda 'yarsa Milunka take kunna kyandir duk ranar Asabar. Ita ta fara gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi ɗan sanda ba. Ta mayar da kyandir ɗinta aljihu, ta dogara sandarta ta hau tudu zuwa gidan Tihomir.

Shekara talatin Tihomir ya yi yana bi wa makiyayan ƙauyen Kremenik sawun kerkeci kafin gwiwarsa ta hagu ta ƙi shi. Da ya zauna, sai ya koya wa kansa kwamfuta, ya faɗa cikin kundin nan na intanet wanda kowa ke iya rubutu a ciki, kowa ke iya gogewa. Kundi kawai ake ce masa a ƙauyen. Can ya yi suna da Gurgun Kerkeci. Kullum da safe, kafin gahawarsa ta huce, ya soke rubutun mutum ashirin ko talatin waɗanda suka saka magana ba tare da madogara ba. Ba ya tsayawa karanta abin da suka ce, ƙasan maganar yake dubawa. Yana alfahari da wannan aiki fiye da yadda yake bari a gani.

A maƙabarta ya durƙusa da ƙyar, ya dubi laka.

"Inna, wannan ba sai an bi ba. Takalmin Ranko ne mai tarakta. Ga dugadugin dama a cinye."

"Na san Ranko tun yana yawo ba wando," in ji Milunka. "Kakansa na cikin waɗanda ruwa ya ci, ya karanta jarida, ya sha ya bugu, ya zo ya yi abin da jaki zai yi. Ba shi na zo nema ba, Tiho. Wanda ya rubuta nake so."

Kowa a Kremenik ya tashi da labarin ambaliyar 1961. Ƙanƙara ta narke a duwatsu gaba ɗaya, madatsar ruwan da ke juya maniƙa ta cika, Obrad ya ruga ya kaɗa ƙararrawar coci, ya koma ya buɗe ƙofar madatsa, ruwa ya tafi da shi. Mutum bakwai suka mutu har da shi. Majalisar ƙauye ta riga ta amince a sa wa sabuwar gada sunansa. Sai ga shi makonni uku da suka wuce shafin ƙauyen a Kundi ya sauya: wai Obrad a buge yake ranar, shi ya bar ƙofar a rufe har madatsa ta ɓalle, wanda ya kaɗa ƙararrawa kuwa Milutin ne, kakan shugaban ƙauye na yanzu. Jaridar gunduma ta buga. Litinin ta sama majalisa za ta sake zama a kan sunan gadar.

"Shekarata saba'in da takwas," in ji Milunka. "Matar da muka yi makaranta tare jiya ta tsallaka titi don kada ta gaishe ni. Ba ni da wani abu da zan bari a duniya sai sunan nan."

*

Kundi ba ya mantuwa, abin da ya fara jan Tihomir gare shi ke nan. Duk wanda ya taɓa shafi sai ya bar sawu: rana, sa'a, abin da ya cire, abin da ya saka. Ya buɗe tarihin shafin Kremenik, ya ga sawu biyu sababbi. Na farko, wanda ya ɓata Obrad, wani ne da ya kira kansa Mai Gaskiya, ranar wata Lahadi da hantsi. Bai taɓa rubutu ba kafin nan, bai sake ba bayan nan. Sai dai ya manta bai shiga da wannan sunan ba lokacin da ya dawo gyara harafi ɗaya, lambar layin da ya yi amfani da shi ta fito fili, kuma Tihomir ya san ta: layin shagon gahawar Zorka ne, inda rabin ƙauyen ke satar intanet. Sawu na biyu ya zo bayan kwana goma, daga ofishin majalisa. Wannan bai ƙara kalma ko ɗaya ba, jaridar gunduma kawai ya liƙa a ƙasa a matsayin madogara.

Ya daɗe yana kallon wannan. Jarida ta kwafo daga Kundi, yanzu Kundi ya jingina da jarida. Ya taɓa bin dila da ya zagaya ya koma kan sawunsa, amma shi dila tsoro ne ya sa shi.

Ya fara da Malama Grozdana, wadda ta ƙirƙiri shafin shekara tara baya. 'Yar ƙanin Milunka ce. Ya same ta tana shanya barkono a baranda.

"Shugaba Dragoslav ne, Kawu Tiho, sai ka ce ba ka san shi ba! Zaɓe na zuwa, yana son kakansa a jikin gada."

"Zan je wurinsa. Ke kuma, Malama, da kika rubuta cewa Obrad ya fitar da yara uku a kafaɗarsa kafin ya koma madatsa, ina kika samo?"

Ta juya barkono ɗaya, ta sake juya shi. "Yana cikin ɗan littafin tarihin makaranta."

"Wa ya rubuta ɗan littafin?"

"Ni."

"Inna Milunka ta taɓa faɗa miki zancen yara uku?"

"Kakana ne! Na ƙawata shi kaɗan, wa na cuta? Wancan ya kira shi mai kisa, ni za ka zo kana wa tambayoyi?"

Ya ɗauki sandarsa. Shi da kansa ya sha wucewa ta kan yaran nan uku, ya ga akwai madogara a ƙasa, ya ƙyale.

*

Shugaba Dragoslav yana shagon Zorka, a teburin da ke kusa da murhu, da ƙaramin kofin barasar gida a gabansa tun kafin azahar.

"Ga babban ɗan sanda! Zorka, ba gurgu kujera kafin ya kama mu duka a tsaye."

"Zan tsaya, Shugaba. Kujerarka ce ke rawa, ba tawa ba. Kai ka rubuta?"

"Ni da nake latsa waya da yatsa ɗaya? Ranar da kake faɗa ina kwance a asibitin birni an farke mini ciki. In buɗe maka ɗinkin?"

"A bar ɗinkin, mutane na cin abinci. Wa ya kira jarida?"

Dragoslav ya shafa gashin baki. "To, idan mutum ya wayi gari ya ga duniya ta gano kakansa jarumi ne, ya yi shiru? Na kira. Yaron jaridar ya tambayi hujja, na ce ya duba Kundi. Da ta fito, na sa sakatariyata ta liƙa, don ku masu gogewa ku bar abin ya zauna."

"Kakanka ya taɓa ce maka shi ya kaɗa ƙararrawa?"

"Kakana ba mai surutu ba ne."

"Kakanka kurma ne, Drago," in ji Zorka daga bayan kanta. "Da ƙararrawar ta faɗo masa a ka ma ba zai ji ba."

Shagon ya kwashe da dariya, har shi shugaban. Tihomir ya tambayi Zorka su wa ke zama da waya ranar Lahadi da hantsi. Ta ce kowa, da zarar an fito coci: Ranko, sakatariya, Malama, 'yan farauta, har Kawu Velizar, tunda 'yarsa ta aiko masa waya daga ƙasar waje.

Velizar na zaune a lungu da shayinsa mai zuma, wanda yake sha don murya. Shi ne mai jan waƙa a coci shekara hamsin, shi ke riƙe da makullan ɗakin littattafan cocin tun da ƙauyen ya rasa limami mazauni. Ya ɗaga kofi ya gaida Tihomir.

"Ka bar matattu su huta, maƙwabci. Su ba sa karanta Kundi."

Tihomir ya fito da mutum arba'in a hannu, wato bai fito da kowa ba.

*

Ranar Juma'a ya je ya gaya wa Milunka bai sami komai ba. Ta zuba masa miyar wake, ta ce tunda ya zo ya karanta mata abin da bakinsa, don idanunta ba sa ganin ƙananan haruffa, kuma duk wanda ta roƙa sai ya tsallake wurare. Ya karanta mata bai tsallake ba. Ba ta motsa ba a wurin buguwa, ba ta motsa ba a wurin Milutin. Da ya kai ƙarshe ta yi tsaki.

"Maƙaryacin ko ranar bai sani ba. Huɗu ga Maris! Sha bakwai ne. Yana jikin dutsen babana, yana jikin na sauran."

"Kuskuren hannu ne, Inna."

"Hannun wa ke zamewa daga sha bakwai ya faɗa huɗu?"

Ya ɗaga kai daga kwanon. Kalandar coci na rataye a bango kusa da hoton waliyyin gidan, kowace rana da lamba biyu: babba ta gwamnati, ƙarama ta coci, wadda ke bin tsohon lissafi tana baya da kwana goma sha uku. Ya ɗaga shafuka zuwa Maris, ya ɗora yatsa a kan sha bakwai. Ƙaramar lambar da ke gefe huɗu ce.

Babu mai rubuta rana da tsohon lissafi, ko tsofaffi a baki kawai suke ambatonsa lokacin bukukuwa. Mutum ɗaya ya taɓa yi da taurin kai, limamin wancan zamani, wanda ya ƙi jinin kalandar gwamnati har ya mutu, kuma da tsohon lissafi kaɗai ya cika littafin mamata na coci. Littafin yana kulle.

Da ya koma gida bai tsaya a sababbin sawu ba, ya yi baya cikin tarihin shafin yana neman huɗu ga Maris. Ya same ta sau uku, shekara biyu da suka wuce, duk ranar Lahadi, duk daga layin Zorka. Layin rubutu ɗaya ne ake sakawa, kowane karo a soke shi washegari da safe. Ya karanta layin. Ya dubi sunan wanda ya soke. Sai ya rufe kwamfutar, ya fita tsakar gida ya yi ta faskare itacen da ba ya bukata har gwiwar ta hana shi tsayuwa.

*

Litinin da safe, kafin majalisa ta zauna, ya roƙi a ba shi rabin sa'a a ɗakin taro. Dragoslav na kan kujerarsa, Grozdana ta riƙo Milunka, Ranko ya rakuɓe a bakin ƙofa yana murza hula, Zorka ta rufe shago ta zo don ba a barin ta a baya. Velizar ya zauna a benci na ƙarshe.

"Ranko ya zuba mai, wannan kowa ya sani," in ji Tihomir. "Shugaba ya kai ƙarya jarida, ya dawo da jarida ya tokare ƙaryar. Malama ta ɗora wa kakanta yara uku da bai ɗauka ba. Babu ɗayansu da ya rubuta abin da ya tara mu. Kawu Velizar, yaushe aka yi ambaliya?"

"Kowa ya sani. Sha bakwai ga Maris."

"A littafin da kake riƙe da makullinsa fa?"

Tsohon ya dubi hannuwansa. Da ya yi magana, muryar ta fito a cike, irin wadda yake rufe addu'a da ita.

"Huɗu. Na kwafo yadda yake don kada in yi kuskure. Ka ga wauta."

Grozdana ta miƙe. "Kai? Kai da kake yi masa waƙar tunawa duk shekara?"

"Zauna, 'yata. Ke kika rubuta shafin. Mutum nawa suka mutu?"

"Bakwai."

"Kira su."

Ta buɗe baki. Ta kira Obrad, ta kira kakan Ranko, ta tsaya.

"Shafi guda a kan mutum ɗaya, sauran shida lamba ce," in ji Velizar. "Ƙanwata Borka shekararta huɗu. Ni ke riƙe da hannunta, ina ɗan shekara tara, ruwa ya ƙwace ta. Dutsen kabarinta ya farfashe tun tuni, in na mutu babu mai sanin an taɓa yin ta. Na shiga Kundin nan naku na rubuta layi ɗaya: Borka, 'yar shekara huɗu, tana cikin mamatan. Aka goge, aka ce babu madogara. Na sake, na ce yana cikin littafin coci. Aka goge, wai littafin da ba a buga ba ba hujja ba ne. Na uku aka goge, aka gargaɗe ni in daina ɓarna. Ɓarna!" Ya yi wata 'yar dariya. "Sai na ji za a sa sunan gada. Na ce bari in gani, gidan da ya ƙi karɓar gaskiya ƙarama ko zai karɓi ƙarya babba. Na saka kakan Drago don na san shi zai yi mata gadi. Na ɗauka kwana ɗaya za ta yi a goge. Mai gogewar bai zo ba."

"Ya je ganin likitan gwiwa a makon," in ji Tihomir. "Da ya dawo, ba shafin ƙauyensu ya duba ba. Ni na goge Borka, Kawu. Duka ukun."

"Na sani. Gurgun kerkeci nawa ne a kwarin nan? Duk Lahadi ina gaishe ka, ina jira ka ce, maƙwabci, wace ce Borka?"

"Ban karanta sunan ba. Ƙasansa na duba."

Milunka ta zare hannunta daga na Grozdana, ta juya gaba ɗaya a kan benci.

"Velizar. Ka ga babana a buge ranar?"

"Ban gani ba."

"Wa ya kaɗa ƙararrawa?"

"Ban sani ba, Milunka. Na ji ƙararrawa, ban ga mai kaɗawa ba. Babu wanda ya gani."

"Ni na ciro Borka daga cikin rassan itacen da ke bayan maniƙa," ta ce. "Ni na tsefe mata laka daga gashi kafin uwarku ta gan ta, alhali ba a ma samo gawar babana ba. Da ka zo ƙofata ka ce a tuna da ita, da na ce a rubuta duka bakwai a jikin gadar. Amma sai ka tafi wurin waya."

Ta dogara sanda ta fita. Ranko ya matsa ya ba ta hanya, ba ta dube shi ba.

*

Da rana Tihomir ya gyara shafin. Ya cire buguwa, ya cire Milutin, ya cire yara uku, ya mayar da rana sha bakwai, ya jera sunaye bakwai. Ba a yi sa'a guda ba wani mai kula daga babban birni, wanda bai taɓa taka Kremenik ba, ya mayar da komai yadda yake. Ya rubuta masa cikin ladabi cewa ba a cire maganar da jarida ta tabbatar, ikirarin tsoho a ɗakin taro ba madogara ba ne, kuma tunda shi ɗan ƙauyen ne yana da kusanci da maganar, gara ya bar wa waɗanda ba ruwansu. Tihomir ya san kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya sha tura wa mutane irinsu. Velizar ya shiga da sunan Mai Gaskiya ya ce shi ya ƙirƙira, aka rufe sunan saboda ɓarna, aka bar rubutun. Jarida ta ce za ta duba.

Majalisa kuwa ta nemi zaman lafiya. Dragoslav ya ce tunda sunan mutum ya zama rigima, a sa wa gadar ranar ambaliya, ta kowa ce. Aka ɗaga hannu, aka aika gunduma a zubo allon tagulla. Ma'aikacin da ya cike takardar bai san ranar ba, sai ya duba inda kowa ke dubawa.

Ranar buɗewa aka yaye ƙyalle, aka tafa. Gadar Huɗu ga Maris, 1961. Dragoslav ya ga kuskuren, ya ce tagulla ba ta gyaruwa, ya ci gaba da jawabi. Velizar ya ja waƙar albarka.

Tihomir ya tsaya a gefe kusa da Milunka. Ta zo da bokiti da buroshi, don daga nan maƙabarta za ta wuce. Dutsen ya sha man, kullum sai ya sake fitowa daga cikin haruffan. Ta sa ya karanta mata allon.

"Zan rubuta wa gunduma, Inna. Zan sa a sake."

"Bar shi."

"Ba a yi komai ba a ranar nan."

"Shi ya sa," ta ce. "Huɗu ga wata babana yana niƙa masara, ya yi fari fat har gira. Borka na bin agwagi a bakin ruwa, yayanta na yi mata tsawa. Duk bakwai ɗin suna nan da ransu. Su yi ta tunawa da ita."

Ta miƙa masa bokitin.

"Riƙe. Kai ka iya gogewa."